Agogon Matuƙi Marchal Ya Tsaya a Takwas da Goma

Kwana bakwai ke nan da kogin Sen ya bar hanyarsa ya shigo mana gari, a Janairun 1910. Duk wanda ya zauna Paris a wannan shekarar yana da labarin ruwa, kuma in ka saurara da kyau rabinsu ƙarya ne, kowa shi ne ya ceto tsohuwa ta taga. Sufeto Gaspard Rollin bai ceto kowa ta taga ba. Mura ce ma ta kama shi tun ranar farko, ta hana shi sakat.

Ranar Alhamis, wajen sha ɗaya na safe, wani sojan ruwa ya shigo caji ofis, takalmansa na zubar da ruwa a kan katakon da aka gama gogewa.

"Yallabai, akwai gawa a filin jiragen sama na bakin kogi. Rumfa ta uku."

"Ta wa?"

"Ta Octave Marchal, matuƙin nan."

"Shi ya aiko ka?"

"Shi ne gawar, yallabai."

Rollin ya ajiye hankicinsa. Babu wanda bai san Marchal ba, hotonsa har a kwalin ashana akwai. Mu mutanen garin nan haka muke, mutum ya hau katako da zane da waya ya yi sama, shi ke nan ya zama ɗan lele, ko halinsa na wari.

Sojan ya ce tun azahar ɗin jiya ruwa ya rutsa da mutum huɗu a rumfar. Yau da safe wani ya ɗaga masa tuta daga saman rufi, ya yi ihu cewa an yi mutuwa. Kwale-kwalensa cike yake da tsofaffi, bai iya ɗaukar kowa ba.

Rollin ya kira Saja Pichon, wani ƙato mai tumbi wanda ya tsani ruwa, na wanka ma balle na kogi. Suka shiga kwale-kwalen.

Filin jiragen ya zama tabki, rufin rumfuna kawai ke leƙowa. Sojan ya manna kwale-kwalensa jikin wata taga ta bene, suka shiga ta nan, Pichon sai da aka tura shi ta baya.

"Zan dawo ƙarfe huɗu in an bar ni," in ji sojan. "An ce mu je kwasar marasa lafiya."

"In ba a bar ka ba fa?" in ji Pichon.

"Ai akwai rufi, Saja."

Ya tuƙa ya tafi. Yanzu su ma sun zama 'yan ciki.

Benen ɗaki ɗaya ne mai kurfoti a tsakiya, sai wani ɗan lungu na ajiye kayan aiki. Daga bakin matakala ana hango ƙasan rumfar: ruwa baƙi, gangunan mai na yawo a kai, jirgin kuma an ɗaure shi da igiyoyi an jawo shi sama, yana lilo a hankali. Matakalar hawa goma sha huɗu ce, shida suna ƙarƙashin ruwa. Ko'ina warin man zurma na inji.

Mutum uku ne zaune jikin kurfotin. Madam Odile, matar mamacin, ta lulluɓe da bargon soja. Basile Roux, makanikinsa, gajere mai faɗin kafaɗa. Sai wani tsoho siriri mai farin gemu da ƙaramar jakar fata a cinya, Firmin Lormeau, mai gyara da ƙera agogo, wanda kowa ke ce wa Baba Firmin.

Gawar na kan matakala. Ƙafafu cikin ruwa, ƙeya a fashe jikin ƙarfen dogarawa, hanci da busasshen jini. Hannun dama ya nutse. Na hagu kuwa yana sama, a kwance kan hawa na tara, kamar wanda aka gyara wa kwanciya.

Rollin ya tsuguna ya ja hannun kwat ɗin fatar baya. Agogo ne mai kusurwa huɗu, da ƙananan ƙusoshi takwas a fili kewaye da fuskarsa, lambobin manya baƙaƙe. Gilashin ya tsage gida biyu. Allurai sun tsaya a ƙarfe takwas da minti goma.

Pichon ya ɗaga murya daga sama, don shi bai sauko ba. "Waye ke tare da mamaci ƙarfe takwas da goma?"

Madam Odile ta dubi Basile, Baba Firmin ya dubi ƙasa.

"Yallabai, ai agogon ya rubuta mana rahoto," in ji Pichon, yana zaro ankwa. Kafin Rollin ya hawo, an ƙulle hannun Basile.

A ƙasarmu, wanda ya kashe maigidansa kansa ake sarewa a ƙofar kurkuku, jama'a na kallo. Basile ya san haka. Yana da mata da 'ya'ya mata biyu a wata unguwar da ita ma ruwa ya ci, kuma tun jiya bai ji labarinsu ba.

Rollin ya ja shi cikin lungun kayan aiki.

"Me ya haɗa ku?"

"Ba abin da ya haɗa mu, yallabai. Igiya muka ƙara ja, na hau rufi na kama ɗaga tuta."

"Ba ka taɓa shi ba?"

"Wallahi ban taɓa shi ba."

"Nuna min bayan hannunka."

Fatar gaɓoɓin yatsun ta sale. Basile ya dubi hannun kamar na wani ne.

"Igiya ce."

"Igiya a tafi take ci, ba a baya ba. Ina da mura, Basile, ba hauka ba."

Makanikin ya yi ajiyar zuciya. "To, na nausa masa ɗaya. Ɗaya tak, a hanci. Cewa ya yi in nutsa ƙarƙashin ruwan nan in ciro masa akwatin kayan inji. Na ce maigida, ruwan nan ko kare ya shiga ba ya fitowa. Ya ce ai shi ya sa ni ya aika, bai aiki kare ba. Shekara biyar ina haɗiyar irin wannan."

"Sai ya faɗi."

"Bai faɗi ba! Yana tsaye yana zagin uwata na hau rufi. Madam ta biyo ni can wajen takwas da rabi, muna tare har goma, da na sauko na gan shi."

"Agogonsa ya ce takwas da goma."

"To ni zan yi musu da agogo?" Ya dubi ankwar hannunsa. "Ina kallon abin nan a hannunsa lokacin da ya ɗaga zai rama, yana ƙyalli a kan kwat."

Rollin ya tsaya da hankici a hanci. "A kan kwat?"

"Kullum a kan hannun kwat yake ɗaurawa. Duk masu tashi haka suke yi. Hannu ɗaya na kan sandar tuƙi, ɗaya na kan waya, da wanne za ka naɗe riga? Shi ya sa maɗaurin yake da tsawo."

Rollin ya koma matakala. Ruwa ya ci hawa na bakwai. Ya kwance agogon ya duba maɗaurin fatar. Hudar ƙarshe ta buɗe ta yi baƙi don yawan amfani. Amma ba a nan aka ɗaure shi yau ba, an matse shi a wata huda ta ciki wadda ƙarfe bai taɓa shiga ba, a kan fatar jiki, aka kuma rufe da hannun kwat.

Ya naɗe agogon cikin hankici mai tsabta, ya sa a aljihu.

Madam Odile ba ta yi kuka ba, kuma ba ta yi ƙoƙarin nuna tana yi ba. Wannan ya burge Rollin. Ya gaji da zawarawan da ke leƙen fuskarsa ta tsakanin yatsu.

"Madam, me ya kawo ki rumfa ranar da kowa ke gudun kogi?"

"Abinci na kawo masa. Burodi da cuku da kaza. Ga ƙasusuwan can."

"Kin ji faɗansu?"

"Wanda ke hayin kogi ma ya ji."

"Bayan nan kin sake jin muryar mijinki?"

"A rufi nake. Iska kawai ake ji a can."

"Shi tsohon fa, me ya kawo shi?"

Ta gyara bargo. "Maganar agogo. Ai ka karanta a jarida."

Ya karanta. Wata biyu baya wata jarida ta sa kyauta ga wanda zai yi awa ɗaya cur a sama. Marchal ya tashi gaban dubban mutane, ya sauko a minti hamsin da huɗu. Ya ce agogon hannunsa ne ya yaudare shi, ya nuna masa awa ta cika. Washegari aka zana agogon da kunnuwan jaki, aka rubuta sunan Lormeau a ƙasa. Garin nan ya yi mako yana dariya.

"Da gaske agogon gudu yake?"

"Haka mijina ya ce."

"Ke na tambaya."

"Ni me na sani a kan agogo?"

"Kin san mijinki."

Wata ganga ta bugi bangon ƙasa, benen ya girgiza. Pichon ya yi alamar gicciye.

"Tsoro ne," ta ce a hankali. "Hannunsa ya sandare don sanyi, iska ta jijjiga shi, ya tsorata ya sauko. Wannan ba abin kunya ba ne, yallabai, uku daga cikin abokansa mun kai su maƙabarta a shekara ɗaya. Amma Octave ya gwammace a ce komai da a ce ya ji tsoro. A gida ya gaya min yana dariya. Ya ce ƙarfe ba ya kai ƙara."

"Tsohon ya sani?"

"Ya yi zato. Sau biyar yana zuwa gidanmu roƙon a ba shi agogon ya gwada gaban shaidu. Sau biyar ana ce masa maigida ba ya nan, alhali yana jin muryarsa."

Ƙarfe biyu ta wuce. Sun ja gawar sama sun rufe da zanen fiffike, don ruwa ya kai hawa na tara. Gawayi ya kusa ƙarewa. Pichon ya leƙa taga ya fi sau ashirin, babu kwale-kwale, sai wata kujera da ta wuce da kyanwa a kai. Basile na zaune a ƙasa, hannu a ƙulle tsakanin gwiwoyi.

Baba Firmin ya shigo lungun da jakarsa a ƙirji.

"Ina kake tsakanin takwas da goma?"

"A nan, yallabai, kan buhunan nan. Zazzaɓi ya rufe ni. Shekarata saba'in, ban saba kwana a rumfa ba."

"Ba ka sauka ƙasa ba?"

"Da waɗannan gwiwoyin?"

"Kai ka ƙera agogon?"

Nan take fuskar tsohon ta sauya. Mu da muka san masu wannan sana'a mun san abin: ka tambaye su lafiyar iyali su amsa da kalma biyu, ka tambaye su agogo ka nemi kujera.

"Ni na ƙera shi, daga ƙusa har allura. Shekara huɗu baya ya shigo shagona, lokacin ba wanda ya san shi. Ya ce Baba Firmin, na kusa mutuwa jiya wajen laluben agogo a aljihu. Na ji manyan gidajen zinare sun fara yi wa masu tashi na ɗaurawa a hannu, ni ba ni da ƙarfin zuwa can. Na ce ɗana, za a ce ka sa munduwar mata. A lokacin namiji ya ɗaura agogo a hannu, a mashaya sai an tambaye shi ina ya bar jakar hannunsa. Ya ce a faɗa, in dai zan sauko da raina."

"Sai ka yi masa."

"Wata goma sha ɗaya. Na yi shi mai kusurwa huɗu don ya zauna daram, kada ya juya. Lambobi manya, don idon da iska ke sa wa hawaye. Ƙusoshin na bar su a fili, kamar na jikin jirginsa, ban ga abin ɓoyewa ba. Wahalar duk a girgiza take, yallabai. Agogon aljihu yana kwance jikin tumbin mai shi cikin ɗumi, wannan kuwa inji na kaɗa shi, sanyi na cizonsa. Sau bakwai ina warware shi. Da ya fara suna, samari suka yi layi a ƙofata, kowa na son irin na Marchal, har waɗanda tsani ma ba sa iya hawa."

"Bayan jarida fa?"

"Suka dawo min da su. Wani ta taga ya jefo nasa." Ya shafa jakar. "Shekara hamsin da biyu ina sana'ar nan. Ubana ya yi, kakana ya yi. Yanzu yara na wucewa ƙofar shagona suna kukan jaki."

Rollin ya fito da hankicin ya buɗe. Tsohon ya kau da kai.

"Duba min shi."

"Ba abin dubawa. Ya bugu, ya sha ruwa. Ya mutu."

"Ko taɓawa ba ka yi ba."

"Likita ba sai ya taɓa kowace gawa ba."

Bayan ya fita, Rollin ya kai agogon bakin taga. Hancinsa a toshe yake, amma idonsa lafiya lau. A kewayen marfin baya, inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe, akwai wani siririn layi rawaya. Ya kankaro da farce. Kakin zuma ne, an shafa shi a tsanake, ko'ina daidai, har kan tsagar gilashin.

Abin ya ba shi haushi ƙwarai, don ya fara son tsohon.

Ya fito ya tara su jikin kurfotin da ya kusa mutuwa. Ruwa na hawa na goma, ana jin lasarsa jikin katako. Ya ɗora agogon kan teburin aiki.

"Alƙali zai so ya san ko buguwa ce ta tsayar da shi ko ruwa," ya ce. "Baba Firmin ya ce ya mutu, to ba asara. Saja, buɗe min cikinsa."

"Da me, yallabai?"

"Ga guduma can, ga babbar ƙusa."

Pichon ya ji daɗi, ya samu abin yi ban da kallon ruwa. Ya kife agogon, ya dasa ƙusar a tsakiyar marfin. Hannunsa kamar na mahauci. Baba Firmin ya ƙura wa bango ido.

"Da ƙarfi, Saja. In ya tarwatse ma tattara."

Pichon ya ɗaga gudumar.

"Tsaya!"

Tsohon da gwiwoyinsa ba sa iya matakala ya tsallake ɗakin da taku biyu, ya rufe agogon da tafukansa. Saura kaɗan gudumar ta sauka kan yatsunsa.

"Kai wane irin dabba ne? Ƙusa? A nan?"

"Ai ka ce ya mutu," in ji Rollin.

Baba Firmin ya buɗe jakarsa, ya maƙala gilashin dubawa a ido, ya ɗauko 'yar wuƙa mai bakin takarda. Ya bi kakin ya ɗaye, ya ɗaga marfin. Ciki a bushe yake ƙamas, yana ƙyalli. Bai tsaya nema ba. Hantsakinsa ya tafi kai tsaye wani lungu, ya zaro wani tsinken itace wanda bai fi gashin gira ba.

'Yar da'irar da ke tsakiyar agogon ta motsa, ta koma, ta sake motsawa. A cikin shirun ɗakin kowa ya ji: ƙas, ƙas, ƙas.

Madam Odile ta toshe baki. Pichon ya ajiye gudumar a hankali.

"Ban ce maka akwai tsinke a ciki ba," in ji Rollin. "Ni kaina ban sani ba."

Tsohon ya cire gilashin daga ido, ya zauna kan akwati.

"Ƙarfe nawa ya mutu?" in ji Rollin.

"Tara da minti ashirin da biyar."

"Faɗi."

"Da na ji sun hau rufi na sauka. Yana zaune kan matakala yana share jini. Na ce ɗana, ba ni agogon kwana uku kacal, in kai shi inda ake gwada lokaci, a rubuta sakamako, ko me ya fito na yarda. Ya yi dariya. Ya kwance shi, ya riƙe bakin maɗaurin da yatsa biyu, ya miƙa hannu saman ruwa. Ya ce agogonka lafiyarsa ƙalau, tsoho, ni na sauko don na ga dama. Ya ce amma ka ishe ni da zarya, bari kogi ya gwada maka shi."

Ya dubi tafukansa.

"In ya faɗa ruwan nan shi ke nan, yallabai. Shi kaɗai ne shaidata a duniya. Na kai hannu na cafe, ɗaya hannun ya ture ƙirjinsa. Ban san ina da wannan ƙarfin ba. Ya tafi ta baya. Ƙara ɗaya na ji."

"Da nan ka tsaya, ka hau rufi ka faɗa, da wata maganar muke yi."

"Na sani."

"Amma sai ka juya allurai."

"Tsoro ya kama ni. Na tuna lokacin faɗansu, don da na ji ihu na duba agogon aljihuna, haka muke, ko tari aka yi sai mun duba. Na mai da shi takwas da goma. Na ɗauki ƙarfe zan fasa cikinsa, yadda kowa zai yarda." Ya girgiza kai. "Hannuna ya ƙi. Na gwada sau uku. Sai na tsayar da shi da tsinke, na tsaga gilashin kawai, gilashi ana sauyawa. Na shafa kaki don danshi. Na sa shi ƙarƙashin kwat, na ɗaga hannun sama. Na ce in an gama shari'a wata rana za a ba da shi, wani mai ilimi ya buɗe, ya ga ba abin da ya same shi."

"In an gama shari'ar wa?" in ji Rollin.

Tsohon bai ɗaga kai ba.

"Saja, kwance mutumin nan."

Pichon ya lalubo makulli yana gunaguni, wai shi tun farko bai yarda da agogon ba. Ya kwance Basile. Ankwa ɗaya suka zo da ita, sai ya juya da ita wajen tsohon. Wuyan hannun siriri ne, sai da aka matse ta har ƙarshe.

Ƙarfe huɗu ta yi babu kowa. Da rabi babu kowa. Ruwa ya taɓa hawa na sha biyu, gawayi ya mutu, su biyar da gawa suna zaune a ɗaki ɗaya, ba mai iya fita ya bar wa wani wuri. Agogon kawai ke bugawa a kan tebur, kuma kowa ya so a ce ya yi shiru.

Biyar saura kwata suka ji ihun sojan ruwan.

Aka fara fitar da Madam Odile, sannan gawar, sannan Pichon, wanda wannan karon bai jira a tura shi ba. A bakin taga Baba Firmin ya tsaya.

"Yallabai, alfarma ɗaya. In kun ajiye shi cikin kayan shaida, a riƙa murɗa shi kowace safiya. A gwada shi da agogon kotu, kwana uku. Ka rubuta abin da ka gani."

"Zan rubuta abin da na gani," in ji Rollin. "Duka."

Tsohon ya juya wajen makanikin, wanda ke murza wuyan hannunsa inda ƙarfe ya yi shaida.

"Basile, ɗana, ban yi nufin..."

"Kada ka ce min ɗana." Basile bai ɗaga murya ba. "Ka ɗaga hannun gawa daga ruwa don kada agogo ya ji sanyi. Ni tun azahar nake zaune gabanka a ɗaure, ka san inda za a kai ni, ka san ina da 'ya'ya. Ka ce min ko sannu? Sai da aka ɗaga wa ƙarfe guduma bakinka ya buɗe."

Rollin ya kama gwiwar hannun tsohon ya taimaka masa ya sauka, ya zaunar da shi kusa da gawar, don nan kaɗai wuri ya rage.

Basile ya shigo ƙarshe. Ya karɓi filafili ɗaya daga hannun sojan ba tare da an ce ya karɓa ba, ya juya wa tsohon baya.

"Ta unguwarmu za mu bi," ya ce. "Ba nisa. Ina so in ga ko suna bene."

Sojan ya dubi sufeto. Rollin ya fyace hanci, ya ce a bi ta can.